Amsa ga Maman 'yan biyu kan kai yara asibitin tsuntsaye

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Maman 'yan biyu, na ji muryarki, kina tambaya ko ya dace mu masu koyar da yara a gida mu kai su Raptor Center ɗin nan na birnin St. Paul a jihar Minnesota, ko ɓata mai ne kawai. To ni dai na ce a kai su. Amma ki gaya musu tun daga gida ba gidan zu za su ba, kada su je suna neman zaki da giwa.

Wurin asibiti ne, na Jami'ar Minnesota, tun 1974 yake, kuma a shekara suna karɓar tsuntsaye wajen 1,000, su shaho da mujiya da mikiyar nan mai farin kai ta jikin tambarin Amurka. Marasa lafiyan ba a nuna su, saboda so ake su warke a sake su daji ba su saba da mutum ba. Waɗanda za ku gani su ne waɗanda ba za su iya komawa ba, wani fiffike ya karye bai ɗoru daidai ba, wani ido ɗaya. Akwai ma wanda lafiyarsa ƙalau, sai dai mutane ne suka tsince shi yana ɗan tsako suka raine shi, ya tashi bai san shi tsuntsu ba ne. Wannan ya tsaya wa babbar 'yata a rai, har muka iso gida tana maganarsa.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa maganar dalma ce. Kin san in Nuwamba ta kama ana farautar barewa a jihar nan. Mafarauci ya harbe ta, ya farke cikin, ya bar kayan cikin a daji, alhali harsashin dalma ya riga ya tarwatse a ciki. Mikiya ta sauko ta ci. Ɓarɓashi kamar ƙwayar shinkafa ya isa ya kashe ta. Wallahi sai Zamfara ta faɗo mini, 2010, yaran da gubar dalma ta ɗauke a ƙauyukan haƙar zinare. A mota na ba nawa yaran labarin, don ba su taɓa ji ba.

Sai mujiya. Na san wasunmu har yanzu in sun ji kukanta sai sun yi a'uziyya, ni ma haka aka raine ni. Ga ta nan a kan hannun ma'aikaciya, ta sa safar fata mai kauri, tsuntsuwa tana ta juya kai. Idonta ba ya motsi a gurbinsa, shi ya sa wuyan ke yin aikin, ƙashi 14 gare ta a wuya, mu 7, tana juyawa har digiri 270. Autana ya gwada, ya kusa faɗuwa.

Yauwa, kada in manta. Ki ja musu kunne a kan gashin tsuntsu. Ko a ƙasa suka gani kada su sa a aljihu, doka ta hana, na mikiya ma dokarsa daban ce tun 1940. Kuma ba a taɓa tsuntsayen. Abincinsu ɓeraye ne matattu, in akwai mai ƙyanƙyami a cikin naki ki shirya ta.

Ki duba shafinsu tukuna ki ga ranakun da suke karɓar baƙi da kuɗin shiga, in mun kai gida biyar ko shida sai mu nemi a ba mu lokacinmu a ƙungiyance. Kowa ya riƙo littafin zane da fensir da rigar sanyi. Wadda za ta je ta rubuta a nan kafin Juma'a, mu san motoci nawa za a fitar.