Amsa: Zan iya karanta fannin sarrafa ƙwayoyin halitta ba tare da na bar Kano ba?

Ƙanina, kana tambaya ko sai ka fita waje kafin ka karanci sarrafa ƙwayoyin halitta. A'a, daga nan gida za ka ɗauko hanyar. Da wuya ka ga kwas mai wannan suna a digirin farko, ƙofarsa ita ce Bayokemistiri ko Maikirobayoloji, kuma Jami'ar Bayero tana da su duka biyun. A JAMB ka riƙe Bayoloji da Kemistiri gam, ban da Ingilishi da ya zama dole. Ainihin ƙwarewar sai a digiri na biyu.

Amma da sharaɗi: sai hannunka ya taɓa aikin. Ni sai da na je horon aiki na fara ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, daga ganyen wake, hannuna har rawa yake, alhali na daɗe da haddace matakan a takarda. Don haka tun aji biyu na jami'a ka fara neman ɗakin gwajin da za ka yi SIWES, wato horon aiki na ɗalibai. Idan ɓangaren noma ne ya ja ka, leƙa tashar IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da ke nan Kano, ko IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ta fitar da waken nan mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, a 2019.