Daga Legas zuwa Kano da jakar hannu kaɗai

Wata 'yar'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham ta turo tambaya. Hutun sati ɗaya ta samu za ta je ta duba mahaifiyarta a Kano, jirginta daga Landan zai sauka Legas, daga nan ta hau na cikin gida, kuma ba ta son ɗaukar akwati sai jakar hannu. Wai ya ake yi?

To 'yar'uwa Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Dabararki ta yi, babu tsayuwa jiran akwati babu fargabar ya ɓata, amma abin da ke kama mutanenmu shi ne nauyi. In British Airways kika hau, suna barin jakar hannu har kilo 23 in dai za ki iya ɗaga ta da kanki, to ki sani jiragen cikin gida na Najeriya ba haka ba ne, yawanci bai wuce kilo 7 ba wasu ma ƙasa da haka. Jakar da ta wuce lami lafiya a Heathrow sai ki ga an ɗora ta a sikeli a Legas an ce sai dai ta tafi cikin kaya. Ba wani tashin hankali ba ne tunda yawancin tikitoci akwai kilon akwati a ciki, amma kar a zo ana ja miki jaka alhalin fasfo da kuɗi da magungunan Hajiya suna ciki. Ki ware ƙaramar jaka ta rataya tun daga gida, takardu, waya, caja, laftop, magani da takardar likitansa duk su zauna a jikinki. Fawa bank kuwa dole ya bi ki cikin jirgi, ba a yarda ya shiga cikin kayan ƙasa ba.

Sai maganar lokaci, kuma ni nan na fi damuwa gaskiya. Tikitinki biyu ne daban, kamfanin cikin gida babu ruwansa da cewa jirginki na Landan ya makara. Sannan filin Murtala Muhammed ba gini ɗaya ba ne, inda za ki sauka daban, ɓangaren cikin gida daban sai da mota, shi kansa ɓangaren cikin gidan tasha biyu ce, akwai MMA2 akwai tsohuwar da ake kira GAT, ki duba tikitinki ki ga wacce ce taki kafin ki shiga tasi don in direba ya ajiye ki a wadda ba ita ba kin sake sabon lale. Ga layin imigireshan ga cunkoson Ikeja. Ni da ni ce ba zan bar ƙasa da awa huɗu tsakanin jiragen biyu ba, in kuma da yamma za ki sauka gara ki kwana kusa da filin ki bi jirgin safe. In tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu ki ƙara haƙuri a jaka, hazon hunturu yana jinkirta jiragen Kano wani lokaci har a soke. Tafiyar kanta wajen awa ɗaya da rabi ce.

In kamfanin yana bari a yi rajistar shiga ta intanet ki yi, ki ɗauki hoton katin shiga jirgin ki ajiye a waya don layinki na Ingila zai iya ƙin yin data a Legas. Duk da haka ki leƙa kantar kamfanin jirgin, sau da yawa suna son ganin shaida su kuma duba jakar su maƙala mata takarda. Fasfonki ya isa shaida. Amma dan Allah ki duba sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, musamman in ƙaninki ne ya yanka miki daga Kano, shi ya rubuta sunan da ake kiranki da shi a gida ko ya sa sunan mijinki, fasfo kuma yana ɗauke da na mahaifinki. Gyara shi yanzu ta waya ya fi sauƙi a kan gardama a kanta ana shirin rufewa.

Wajen bincike, almakashi, reza, wuƙar yankan farce, bar su a gida. Turare da man shafawa kowace kwalba kar ta wuce mililita 100. Bayan kin wuce ki zauna kusa da ƙofar fita ki kasa kunne, lasifikar ba kullum ake jin ta da kyau ba, tambayi ma'aikaci ba kunya. Ki shiga layi da wuri don ma'ajiyar saman kujera tana cika, na ƙarshe su ake karɓe wa jaka a bakin matakala. Kuma tun 2025 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta ce a kashe waya gaba ɗaya lokacin tashi da sauka, in ma'aikaciyar jirgi ta ce kashe kawai ki kashe.

Da an ji za ki gida za a fara kawo saƙo, wannan ta ce kai wa Inna, wancan ya ce ƙaramin abu ne. Jakar hannu ta ba ki uzuri mai kyau, ki ce babu wuri kuma gaskiya kika faɗa. Wanda ya zama dole ki buɗe shi a gaban mai shi ki ga mene ne, a filin jirgi kuwa ko tsohuwa ce ta roƙe ki riƙe mata ƙulli ki ba ta haƙuri, jami'an NDLEA wanda abu ke hannunsa suka sani.

Tsaraba kuma na san za a yi magana, an zo daga Ingila hannu na dukan cinya. Ki sa cakulan na yara a jakar, sauran ki tura wa ƙanwarki kuɗi tun yanzu ta shiga Kantin Kwari ta sayo atamfa da shadda ta ajiye miki kafin ki iso.