Amsa ga Hajiya kan ƙara na'urar jin zafi a kicin

Salamu alaikum Hajiya. Kin ce na'urar hayaƙin da ke kicin ɗinki tana ihu duk sanda aka soya kifi, kina tambaya ko za a iya ƙara mai jin zafi a kan alam ɗin ɓarayin da ke gidan. Ana iyawa, mu ma haka muka yi a gidanmu na Aboabo, nan Kumasi.

Kicin dama wurin mai jin zafin ne. Hayaƙin suya, tururin tukunya, ƙurar hunturu, babu wanda yake tada ta. Irin ta gida tana kuka idan zafin saman ɗaki ya kai wajen digiri 57 a ma'aunin Celsius, wasu kuma idan ya haura da kamar digiri 8 cikin minti ɗaya. In kicin ɗin kwano ne babu silin, ki gaya wa mai haɗawa, don akwai mai digiri 90 saboda irin wannan wuri. Kada dai a kafa ta daidai saman murhu.

Ga inda nake roƙon ki sa ido. Akwatin alam yana da layuka, kowane da aikinsa. Wanda ya haɗa mana sai ya jona ta a layin ƙofar baya. Wata biyu hankalinmu kwance, ashe duk safiya in muka kashe alam da rimot, ita ma ta kwanta ke nan. Alhali da rana ake girki! Ƙanina ne ya hura mata drayar gashi, shiru. Ranar jikina ya yi sanyi, don tsohuwarmu takan wuni ita kaɗai a gida, ga silindar gas a kicin. Ki tsaya a kan mai haɗawa sai ya ba ta layinta, ya saita shi a na gobara mai aiki awa 24, ya gwada a gabanki alam yana a kashe. Ban da gwaji da ashana ko kyandir. Ki kuma tambaya kafin gwajin, wasu in suka tashi sau ɗaya sai dai a sake sabuwa.

In alam ɗinki mara waya ne, ki ɗauki hoton akwatin kafin ki tafi sayayya Adum, unguwar shaguna a Kumasi, ba kowace ce ke jituwa da shi ba. A duba batirinsa ma, saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki.

Ita kuwa mai hayaƙin, don Allah kada ki yar. Mai barci hayaƙi ke fara cim masa tun zafi bai iso ba. A mayar da ita baranda, bakin ɗakunan kwana, a rubuta 192, lambar 'yan kwana-kwana, a jikin akwatin inda yara za su gani.