Maigidana ɗan Luwiziyana ne, ko kakanninsa Hausawa ne?

Tambaya: Salam Malam. Maigidana baƙar fata ne ɗan jihar Luwiziyana a Amurka, ya yi gwajin DNA aka ce jininsa akwai Najeriya da yawa, tun ranar yake ta cewa ƙila shi ma Bahaushe ne. Ta ina za mu fara neman asalinsa?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan. Amma ki ce wa maigidan naki ya ajiye takardar DNA ɗin tukuna, ita yanki kawai take nunawa, ba za ta ba shi sunan kakansa ko garinsu ba. Daga gida ake farawa. Ku samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginsu ku zauna da ita da rikoda, ta faɗa muku sunayen kakanninsu, da cocin da ake kai su, da inda aka binne su, sannan musamman wace gunduma, don a Luwiziyana gundumomi 64 ne kuma takardun aure da gado da filaye a kotun kowace gunduma suke.

Daga nan sai takardun ƙidayar jama'a ta Amurka. Ta 1950 an buɗe ta ga jama'a a 2022, tana nan kyauta a FamilySearch, wato shafin intanet na binciken asali, ku yi ta komawa baya shekara goma goma. Ta 1890 kar ku wahalar da kanku, gobara ta lalata yawancinta a 1921. Takardun mutuwa da suka wuce shekara 50 da na haihuwa da suka wuce 100 kuma suna ma'ajiyar tarihi ta jihar a Baton Rouge.

Toh inda aikin yake tsayawa shi ne 1870. Ita ce ƙidaya ta farko da aka rubuta waɗanda aka 'yanta da sunansu, kafin nan a 1850 da 1860 sunan ubangida kawai ake sawa, sai a jera bayinsa da shekaru da jinsi da launi, babu suna, wallahi duk sanda na buɗe shafukan nan sai jikina ya yi sanyi. Dole sai kun gano wane ne ya mallake su, sannan ku bi takardun rabon gadonsa da na ciniki, a nan sunayen suke. Ku duba rajistar Freedmen's Bureau, hukumar gwamnati da ta kula da bayin da aka 'yanta, ta 1865 zuwa 1872 ma, akwai yarjejeniyar ƙwadago da sunaye a ciki.

Sa'ar da kuka yi ita ce jihar. Kafin Amurka ta saye ta a 1803 Faransa da Sifen ne suka riƙe ta, kuma marubutansu sukan sa ƙabilar bawa a takardar ciniki. Marigayiya Gwendolyn Midlo Hall ta bi takardun nan na 1719 zuwa 1820 ta tattara bayanan bayi wajen dubu 100, kuma eh, akwai Hausawa a ciki, ana rubuta su Aoussa, sai dai ba su kai Bambara ko 'yan Kongo yawa ba. Littattafan baftisma na cocin Katolika a New Orleans su ma suna taimakawa sosai.

Amma ki shirya masa zuciya, bayan 1808, da Amurka ta hana shigo da bayi daga waje, bayi da yawa daga Virginia da Maryland aka yo jigilarsu ta ruwa zuwa New Orleans, in nasa suna cikinsu toh can sawun zai koma. In kun samu sunan gundumar da sunan kakar kakarsa ki sake rubuto min, sai na faɗa miki kotun da za ku tuntuɓa.