Lambun makaranta da kallon tsuntsaye: me ake yi da hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Jigawa, ni ke kula da ƙungiyar muhalli ta ɗalibai. Da damina mun yi shuka, mun dasa itatuwa, amma tun da hunturu ya shigo komai ya bushe, yaran ma sun fara zamewa. Mu rufe ne sai ruwa ya sauka, ko akwai abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ku rufe. In dai akwai rijiya ko famfo a makarantar, yanzu ne ma lokacin lambu. Latas, kabeji, karas, albasa da tumatir duk sanyi suke so. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan dam ɗin Tiga, suke cika kasuwa da tumatir a watannin nan. A Disamba da Janairu sanyin dare a ƙasar Kano da Jigawa yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma furen tumatir ya fi kama 'ya'ya da dare mai sanyi-sanyi. Da zarar zafin bazara ya kankama sai furen ya riƙa zubewa, latas kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci. Ga shi babu yawan danshin da ke kawo cututtukan ganye da damina.

Kada ku tayar da kunya irin ta gonar damina. Ku haƙa fangali, ya ɗan nutse ƙasa da bakinsa don ruwa ya kwanta, faɗinsa kada ya wuce yadda yarinya za ta miƙa hannu ta kai tsakiya ba tare da ta taka ba. A zuba taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Tumatir, kabeji, latas da albasa reno ake yi musu a dasa, amma karas ba ya son dashe, inda aka yafa shi nan zai zauna, sai dai a rage shi in ya yi cunkoso. Idan kun makara har Janairu, ku sayi dashe wurin masu lambu, ku fi ba latas ƙarfi, domin shi cikin wata biyu an ci. Kuɓewa da alayyafo ku dakata musu, sanyi yana sa su noƙe.

Babban abokin gabarku iska ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya ƙarau, tana iya shanye fangalin da aka ba ruwa da safe kafin azahar. Ku kafa shingen karan dawa ta wannan ɓangaren, ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka, ban ruwa kuma da sassafe ko bayan la'asar. Ku koya wa yaran juya ganyen tumatir suna dubawa. In suka ga wani farin zane kamar an kankare cikin ganyen, da ɗan baƙin kashi a ciki, to tsutsar da manoma ke kira sharon ce, wadda ta yi wa tumatirin Arewa mummunar ɓarna a 2016. A ƙaramin lambu tsinke ganyen a binne ya fi feshi, balle inda yara ke aiki.

Batun cewa komai ya bushe kuwa, ku fita bayan makaranta ku nemi gawo. Duk damina tsirara yake, sai yanzu da kuka ta zubar da ganye shi yake yin kore shar. Saiwarsa tana nutsawa ta kamo ruwan ƙasa, kuma da yake ba ya inuwa da damina, gero da dawa suna yin kyau a ƙarƙashinsa, ga takin ganyen da ya zubar da na dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Darasi guda ke nan da ba ya bukatar ko sisi. Mangwaro ma yanzu yake fure; a sa kowace ɗaliba ta zaɓi bishiya ɗaya tana rubuta abin da ya canza duk mako.

Sai tsuntsaye, kuma a nan kun yi sa'ar jiha. Shamuwa ta tafi kudu tun ƙarshen damina, amma wasu baƙin sun iso: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke gudo wa sanyin Turai, su tsallako Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su zauna har wajen Maris. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayoyi, a 2000, Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe suka biyo a 2008. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa, don lokacin ne suka fi taruwa. Za ku gan su cakuɗe da 'yan gida irin su kirinjijiya, ɗinya da belbela. Za kuma ku ga yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, abin da masunta da manoman yankin suka daɗe suna kuka da shi. Ku bar yaran su yi musu tambaya da kansu.

In za ku kai yaran, a isa bakin ruwa da hantsi, da rigunan sanyi da ruwan sha, mai asma kuma ta rufe hanci. Kada kowa ya shiga ruwan, saboda tsargiya. Kafin ku ɗauki mota ku samu izinin iyaye da na hukumar makaranta, ku kuma tuntuɓi ma'aikatan gandun dajin da za ku je su ba ku ɗan rakiya, su gaya muku halin da hanya take ciki a makon.