Wane addini ya fi zubar da jini?

Ɗan'uwa, ka ce maƙwabcin rumfarka a kasuwar Mile 12 da ke Legas, Kirista, ya dage cewa da takobi Musulunci ya yaɗu, kana neman amsar da za ka ba shi.

Kowane ɓangare yana da jini a tarihinsa. Mayaƙan Salibiyya, wato rundunonin Kiristocin Turai, sun yi kisan kiyashi a Ƙudus a 1099, a 1204 kuma suka wawashe Kustantiniyya, birnin Kiristoci 'yan'uwansu. Mu ma, abin baƙin ciki, rundunar Musulmi ce ta kashe Husaini, jikan Annabi (SAW), a Karbala a 680. Hajjaj, kwamandan rundunar Musulmi ta daular Umayyawa, ya yi wa Makka ruwan duwatsu a 692. Yawanci rigimar mulki ce.

Kada ka dogara da guntayen bidiyon WhatsApp, kada ka ɗora wa maƙwabcinka laifin mutanen zamanin baya. In kana son zurfafawa, nemi malamin tarihi a Jami'ar Legas.