Me ya sa zuwa Tsibirin Ista ya fi dawowa cin lokaci?

Tambaya: Na duba jadawalin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Santiyago, babban birnin Chile, da Tsibirin Ista, sai na ga zuwa ya haura awa 5, dawowa kuma bai kai ba. Hanya ake canjawa, ko juyawar duniya ce ke jawo haka?

Amsa: Malam, hanyar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Daga Santiyago zuwa filin jirgin Mataveri da ke tsibirin kusan kilomita 3,760 ne, a saman Tekun Fasifik, babu babban filin jirgi ko ɗaya a kan hanya da manyan jiragen fasinja ke sauka. Juyawar duniya kuma ka cire ta daga lissafi, domin da ƙasa da iskar da ke lulluɓe da ita da jirgin duk tare suke juyawa.

Iska ce. A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 inda manyan jirage ke bi, akwai iska mai ƙarfi da ta saba kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa tsibirin yamma ya nufa, gaba da gaba suke da ita. Mai dawowa kuwa tura shi take yi ta baya. Kamar mai tuƙa kwalekwale ne, gangara da ruwa daban, haurawa daban. A ƙaddara jirgi na gudun kilomita 900 a awa, iskar kuma 100. A zuwa, kilomita 800 kawai yake ci a awa, a dawowa 1,000. Raba 3,760 da kowanne, za ka ga tazarar ta kusa awa guda. Ƙara lokacin hawa da sauka da tafiya a kan titin jirgi, sai ka samu kimanin awa 5 da rabi a zuwa, awa 4 da rabi ko sama da haka kaɗan a dawowa.

Ka kuma kula da agogo, nan mutane suka fi ruɗewa. Tsibirin yana bayan Santiyago da awa 2. Wanda ya tashi ƙarfe 9 na safe, 12 da rabi na rana zai gani idan ya sauka, alhali awa 5 da rabi ya yi a zaune.

A ganina wannan lissafin iska ya fi nauyi a nan fiye da yawancin hanyoyi. Filin jirgi mafi kusa da Mataveri yana Mangareba, wani tsibiri a yankin Faransa na Polinesiya, kilomita wajen 2,600, kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar Boeing 787 irin wanda kamfanin LATAM ke amfani da shi. Titin jirgin tsibirin kuma ɗaya tak ne, mai tsawon mita 3,300 da 'yan kai. Shi ya sa kafin a tashi ake auna mai da hasashen iskar wannan ranar, a kuma tsayar da wurin da matuƙi zai yanke shawara, ko ya ci gaba ko ya juya Santiyago tun man da ke tanki zai iya mayar da shi.